Wai da gaske maitokondiriya tana ƙera furotin nata da kanta?

Zulai_Bayo: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina aji biyu a sashen nazarin halittu, kuma wani abu ya tsaya mini a rai tun jiya. Abin da aka ɗora mu a kai tun sakandare shi ne, DNA yana cikin nukiliyas, daga can ake kwafo saƙo, raibosom ya karanta shi a waje ya ƙera furotin. Ita kuwa maitokondiriya aikinta samar da kuzari, shi ke nan. Jiya malaminmu ya ɗan taɓo cewa tana da DNA nata da raibosom nata, tana ƙera furotin a cikin cikinta. Kafin in ɗaga hannu lokaci ya ƙure. Da gaske ne? In da gaske ne, me ya hana ta jira a kawo mata daga waje kamar sauran sassan sel?

Kawu Sule: Wa'alaikumus salam. Mu da muka bar aji tun ana rubutu da alli, ku fara gaya mana mece ce wannan aba mai dogon suna.

Malam Bala: Kawu, jikinka tarin ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, su ake kira sel. A cikin kusan kowane irin ɗaki akwai wasu 'yan jakunkuna, wani ɗakin ɗaruruwa, wani dubbai. Su ne maitokondiriya. Nan ake ƙarasa ƙona tuwon da ka ci da iskar da ka shaƙa, a fitar da wani sinadari mai suna ATP, wanda da shi tsoka ke motsi, da shi ƙwaƙwalwa ke aiki.

Zulai, da gaske ne. DNA ɗin maitokondiriyar mutum ɗan zobe ne mai haruffa 16,569. An karance shi kaf a 1981, a ɗakin binciken Fred Sanger da ke Kambirij ta Ingila. Ƙwayoyin gado 37 ne a jikinsa: 13 na furotin, 22 na tRNA (masu ɗauko amino asid, wato tubalan ginin furotin), 2 na rRNA (ƙashin ginin raibosom). Ki ajiye wannan kusa da nukiliyas mai haruffa wajen biliyan 3 da ƙwayoyin gadon furotin kusan 20,000.

Ɗan Maraɗi: Madalla da Malam ya ce sel da ƙwayar gado. A rediyo komai "ƙwayar halitta" ne, ka rasa ko ɗakin ake nufi ko rubutun da ke cikin ɗakin. Mu a nan ADN muka koya a makaranta, in na rubuta haka ku yi haƙuri da ni.

Injiniya Tanko: 13 kacal? To ai ba ta ƙera komai ba. Furotin nawa take bukata gaba ɗaya?

Malam Bala: Sun haura 1,000. Duk sauran daga waje ake ƙera su, a shigo da su ta wasu ƙofofi biyu, TOM a tantanin waje, TIM a tantanin ciki.

Injiniya Tanko: To nan ne lissafin bai fita ba. Kana sayo kaya dubu daga kasuwa, sai ka kafa masana'anta sukutum saboda kaya 13? Da ni ne mai gidan, rufe ta zan yi in ƙara 13 ɗin a kan odar da nake yi.

Hafsat_Lab: Injiniya, abin ma ya fi haka ban haushi in ka duba da kyau. A kan wannan nake karatun digiri na uku, bari in ɗan baje shi.

Raibosom ɗin maitokondiriyar mutum yana da furotin wajen 80 a jikinsa, kuma babu ko ɗaya da maitokondiriya ke ƙerawa. Duk daga waje ake kawo su, a harhaɗa su a kan rRNA biyun nan da Malam Bala ya ambata, 12S da 16S. Injin da ke kwafo RNA daga DNA ɗinta, POLRMT, daga waje. TFAM da ke naɗe DNA ɗin, daga waje. Masu ɗora wa kowane tRNA amino asid ɗinsa, daga waje. In ka haɗa duka, furotin ɗari da ɗoriya nesa ba kusa ba ake shigowa da su don kawai a samu waɗannan 13.

Yadda aikin ke tafiya kuwa, ba a kwafo ƙwayar gado ɗaya-ɗaya. Injin yana kama zoben ya zagaye kusan dukkansa, ya fitar da dogon zaren RNA guda. A cikin zaren, kusan kowane saƙon furotin yana da tRNA a gabansa ko a bayansa. Sai wasu almakasai biyu su zo su yanke tRNA ɗin nan, da an cire su sai saƙonnin su zube daban-daban, kamar ka tsinke ƙullin da ke tsakanin kashi-kashin carbi. Julio Montoya da Deanna Ojala da Giuseppe Attardi ne suka bayyana wannan tsari a 1981. Abin da ya fi burge ni shi ne rowar haruffa. Da yawa daga cikin saƙonnin ba su da cikakkiyar alamar tsayawa a DNA. Sukan ƙare da U ko UA, sai an liƙa musu jelar A-A-A a ƙarshe sannan UAA ta cika. Kuma furotin 13 ɗin a kan saƙo 11 suke, domin akwai saƙo biyu da kowannensu ke ɗauke da furotin biyu masu hawa kan juna.

Kawu Sule: 'Yar nan, na bi ki har wajen almakashi, daga nan na sauka daga motar. Amma ci gaba, masu ji na ji.

Zulai_Bayo: Yaya Hafsat, Allah ya saka. Amma ta yaya aka san a ciki ake ƙera su? Ai ba wanda ya leƙa ya gani.

Hafsat_Lab: Ni da hannuna na yi gwajin, ƙanwata. Muna rainon sel na mutum a faranti. Sai mu zuba musu emetin, wanda ke tsayar da raibosom ɗin waje cak amma ba ruwansa da na maitokondiriya. Sannan mu ba su amino asid ɗin metiyonin da aka sa wa alama, irin mai baƙanta fim, na kamar awa guda. Duk furotin ɗin da aka ƙera a wannan awa zai ɗauki alamar. In muka tace su bisa girma muka ɗora fim, sai ki ga 'yan layuka jere. Wasu sukan haɗe da juna, ki ƙirga 11 ko 12 ki yi ta zare ido neman saura. A faranti na biyu mu ƙara maganin kuloramfenikol mai tsayar da raibosom ɗin maitokondiriya, layukan su ɓace baki ɗaya. Ranar da na fara ganin fim ɗina ya fito, sai da na ɗauki hotonsa na tura wa mahaifiyata, ta ce in dai lafiya nake to madalla.

Tushen abin tsoho ne. Tun 1958 aka nuna cewa maitokondiriyar da aka ware daga hantar ɓera tana saka amino asid cikin furotin, tun ma kafin a ga DNA ɗinta a 1963. Yanzu an ci gaba, ana ba sel mai rai wani abu mai kama da metiyonin da za a iya maƙala wa launi mai ƙyalli, a duba a madubin ƙara girma. Wani aiki da aka yi a Niyukasil a 2021 ya nuna cewa mafi yawan ƙirar a naɗe-naɗen tantanin ciki ake yin ta, ba a ko'ina ba.

Sadiq_MBBS: Don ƙarin bayani, raibosom ɗin maitokondiriya 70S ne, iri ɗaya da na bakteriya. Na waje kuma 80S. Haka yake a littafi.

Hafsat_Lab: Likita, haka yake a littattafai da yawa, amma a jikin mutum da sauran dabbobi masu shayarwa 55S ne, ƙaramin ɓari 28S, babba 39S. Tun 1967 aka ware shi daga hantar ɓera aka auna. Kuma kar lambar ta ruɗe ka ka ce ya fi na bakteriya ƙanƙanta. S ɗin nan saurin nutsewa take aunawa in an juya shi a inji, ba nauyi ba. A nauyi ya ma ɗara na bakteriya. Na bakteriya kashi biyu cikin uku RNA ne, wannan kuwa an juya, furotin ya fi yawa. Sai a 2014 da 2015 aka ga siffarsa dalla-dalla, daga ɗakin Nenad Ban a Zurik da na Venki Ramakrishnan a Kambirij. A nan aka tarar da wani abin dariya: gurbin da bakteriya ke sa 5S rRNA, shi namu babu 5S ɗin, sai ya ɗauko tRNA guda ya cusa a wurin ya zama ginshiƙi.

Sadiq_MBBS: To ni dai 70S na rubuta a jarrabawa kuma an ba ni makina.

Malam Bala: Ni ma shekaru na yi ina koyar da 70S, Sadiq. Ba kai kaɗai ba ne.

Akwai wani abin da yara ba sa yarda in na faɗa. Muna koya musu cewa ƙa'idar karanta haruffa uku-uku ɗaya ce a duk halitta. A maitokondiriyarmu ba haka ba ne. UGA da ke nufin "tsaya" a waje, a ciki tana nufin tiriftofan. AUA da ke nufin aisolusin a waje, a ciki metiyonin ce. A 1979 aka gano haka, kuma shi ne karo na farko da aka ga ƙa'idar ta saɓa. Ma'ana, in ka ɗauko saƙon maitokondiriya ka miƙa wa raibosom ɗin waje, da ya ci karo da UGA ta farko zai ajiye aiki.

Hafsat_Lab: Da AGA da AGG, Malam. A waje arjinin ne, a ciki ba tRNA ɗin da ke karanta su. An daɗe ana jayayya ko alamar tsayawa ce ta gaskiya ko raibosom ne ke zamewa baya da harafi ɗaya. A 'yan shekarun nan aka nuna akwai furotin na musamman, mtRF1, da ke gane su ya saki sarƙar.

Maman Ilham: Ni abin da nake son ji, daga ina ta samo yarenta daban? Ɗan gida ai ba ya yin wani yare a tsakar gida.

Malam Bala: Kin taɓo wurin, Hajiya. Bayanin da masana suka tsaya a kai shi ne, ba 'yar gida ba ce tun asali. Bakteriya ce da ta shiga cikin wani sel fiye da shekara biliyan ɗaya da rabi da suka wuce, ta zauna. Lynn Margulis ce ta tsaya tsayin daka a kan wannan a 1967, bayan mujallu da yawa sun ƙi buga takardarta. Shaidun su ne zoben DNA, tantani biyu, rabuwa gida biyu in za ta hayayyafa, fara kowane furotin da metiyonin mai ɗauke da fomil kamar yadda bakteriya ke yi, da kuma jerin haruffanta da ya fi kusa da na wani dangin bakteriya da ake kira alfa-furotiyobakteriya.

Maman Ilham: Ashe amarya ce. Ta zo da kayan ɗakinta, shekara da shekaru ana ara ana kaiwa ɗakin maigida ba a dawowa da su, har ya rage mata akwati guda da ta ce wannan kam ba mai taɓa shi.

Injiniya Tanko: Kuma makullin akwatin ma a hannun maigida yake, in na fahimci Hafsat daidai.

Abu Huzaifa: A dai riƙa sara ana duban bakin gatari. Wa ya ga abin da ya faru shekara biliyan? Allah ne ya halicci komai yadda ya so.

Malam Bala: Babu mai musun wannan a nan, Malam Abu. Zoben da raibosom ɗin da bambancin karatun duk abubuwa ne da ake gani a auna yau. Labarin asalin kuma fassara ce da aka gina a kan waɗannan shaidu, ita ake koyarwa, ita za a tambayi Zulai a jarrabawa.

Admin Rabi: A tsaya a kan tambayar Zulai don Allah. Waccan muhawarar mun yi ta a baya, ba ta ƙare da daɗi ba.

Nas Hadiza: Ni kuloramfenikol da Hafsat ta ambata ne ya tsayar da ni. Wato maganin da muke ba masu taifot shi ne ke kashe layukan nan nata?

Hafsat_Lab: Shi ne, Anti. An yi shi don ya toshe raibosom ɗin bakteriya a wurin da ake ƙulla amino asid da ɗan'uwansa, kuma wurin bai canja sosai ba a raibosom ɗin maitokondiriya. Shi ya sa in an sha da yawa ko an daɗe ana sha, ɓargo ke rage yin jini, in an daina ya farfaɗo. Akwai wata illar daban, mai wuyar samuwa amma mai kisa, inda ɓargon ke mutuwa gaba ɗaya ba tare da la'akari da yawan abin da aka sha ba. Linezolid da ake ba masu tarin fuka mai taurin kai shi ma haka, yana iya taɓa ɓargo da jijiyoyin ƙafa da na ido in an daɗe a kansa.

Nas Hadiza: Shi ya sa ake hana mu ba jarirai sabbin haihuwa sai da tsananin lura. Hantarsu ba ta iya fitar da shi, ya taru, jariri ya yi toka-toka ya saki jiki. Amma a unguwarmu mutum zai shiga kemis ya ce a ba shi kafso na ciwon ciki, a ƙirgo masa a leda ya tafi.

Ɗan Maraɗi: Kar kuma a mayar da shi dodo. Allurarsa mai mai ta ceci mutane ba iyaka a lokutan sanƙarau, a nan da can wajenku, musamman annobar 1996. Allura ɗaya ko biyu a ƙauyen da ba gadon asibiti. A Nijar ma aka yi gwajin 2003 da ya nuna seftiriyazon na yin aiki daidai da ita.

Nas Hadiza: Ban musa ba. Ga wanda ya fi damuna. Shekarun baya a wani asibiti da na yi aiki, an kawo yaro ɗan shekara huɗu da zazzaɓi mai zafi, aka yi masa jentamaisin kwana biyar, ƙa'ida ba a wuce ba. Ya warke. Bayan wata biyu uwar ta dawo da shi, wai in an kira shi ba ya juyowa. Tana cikin kuka take ce mini ƙaninta ma haka ya kurmance bayan allurar tarin fuka. Ba a yi wani gwajin gado ba, kuma zazzaɓin kansa na iya kurmantar da yaro, don haka ba zan rantse ba. Amma maganar ƙanin nan nata ba ta bar raina ba har yau.

Sadiq_MBBS: Anti, wannan kam mun karanta. Canjin harafi ɗaya ne a 12S rRNA, a gurbi na 1555, A ta koma G. Yana sa wurin karatun raibosom ɗin ya ƙara kama da na bakteriya, sai jentamaisin ko sitireftomaisin su kama shi da ƙarfi, sel ɗin da ke cikin kunne su mutu, kuma ba sa sake tsirowa. A 1993 aka gano shi, a wasu iyalai na Sin da wani babban dangi na Larabawan Isra'ila. A Turawan Ingila wajen mutum 1 cikin 500 na ɗauke da shi. A Mancesta har sun fara gwada jarirai da ɗan auduga a kumatu, cikin ƙasa da rabin awa a san ko za a canja magani. Kuma ta wajen uwa yake bi, don haka yaro da kawunsa na wajen uwa ya yi daidai da tsarin.

Hafsat_Lab: Wannan karon ba ni da gyara, Likita.

Injiniya Tanko: Duk kun ƙara mini hujja. Masana'antar ga tsada, ga shi magani na iya kuskurenta da abokan gaba. Har yanzu ba wanda ya amsa rabin tambayar Zulai na biyu. Me ya sa ba a kwashe 13 ɗin an kai nukiliyas ba?

Hafsat_Lab: Duba su waye 13 ɗin. Injuna biyar ne jere a tantanin ciki masu fitar da ATP. Na ɗaya yana da sassa wajen 45, bakwai daga ciki ake yin su. Na uku, guda ɗaya, saitokurom b. Na huɗu, uku. Na biyar, mai juyawa kamar dutsen niƙa yana fitar da ATP, biyu. Na biyu ne kaɗai duk kayansa daga waje. Kuma waɗannan 13 ba sassan ado ba ne, su ne cibiyar kowane inji, waɗanda ke nutse cikin maiƙon tantanin.

Bayani na farko ke nan: ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. In an ƙera su a waje za su dunƙule kafin su iso, ko a kai su wani tantanin daban bisa kuskure. Shi ya sa raibosom ɗin maitokondiriya a manne yake da tantanin ciki, bakinsa a saitin wata ƙofa mai suna OXA1L, furotin na fitowa ana tura shi cikin maiƙo, bai ma taɓa ruwa ba.

Bayani na biyu na wani masani mai suna John Allen ne. Sel guda na iya samun maitokondiriya dubu, kowace da halin da take ciki. In guda ta rasa inji na huɗu, nukiliyas ba shi da hanyar aika wa ita kaɗai. Amma in cibiyar injin a gida ake ƙera ta, ita da kanta za ta ƙara, sauran sassan da ke yawo su zo su hau kai.

Injiniya Tanko: Na biyun ya fi shiga kaina. Kowace unguwa da mai gyaran taransifomarta.

Audu Samaru: Ina ta karatu shiru, amma a nan dole in sa baki, don amsar tana cikin tukunyarku. Wake. Wannan dai da ake ƙosai da alale da shi. A mafi yawan tsirrai da dabbobi, ƙwayar gadon COX2, ɗaya daga cikin ukun inji na huɗu, a maitokondiriya take. A dangin su wake ta yi ƙaura zuwa nukiliyas, kuma a wakenmu kwafin maitokondiriya ya ɓace gaba ɗaya. A 1991 Nugent da Palmer suka ba da rahoton haka. A waken suya kuma kwafi biyu ne, na nukiliyas ke aiki, na maitokondiriya ya yi shiru. Daga baya aka nuna cewa ƙaurar ba ta yiwu ba sai da wasu amino asid suka canja, furotin ɗin ya rage ƙin ruwa, sannan ya iya wucewa ta ƙofa. To ƙaura tana yiwuwa, Injiniya, sai dai da sharaɗi. Kuma su tsirrai ƙa'idar karatunsu ɗaya ce ciki da waje, mu kuwa sai an sake rubuta saƙon tukuna.

Kawu Sule: Shekara sittin ina cin ƙosai ban san da ɗan gudun hijira a ciki ba.

Likitan Shanu: Tunda an shigo gona bari a shigo ruga. Ƙwayar cutar sammore da ƙudan tsando ke ɗauka, maitokondiriya guda ɗaya tal gare ta, DNA ɗinta kuma dubban zobba ne sarƙe da juna kamar sulke. Saƙon da ake kwafowa daga ciki ba ya karantuwa sai an yi masa gyara, ana cusa harafin U a wasu wurare ana cirewa a wasu. Rob Benne ne ya fara ganin haka a Amsterdam a 1986, U huɗu kacal. Daga baya aka tarar da saƙon COX3, shi ma na inji na huɗu, da ake cusa wa U sama da 500, fiye da rabin saƙon ke nan. Kuma ba ta da tRNA ko ɗaya nata, duk daga waje. Maganin Samorin da makiyaya ke yi wa shanu allurarsa a wurin DNA ɗin nan yake taruwa.

Ga kuma wadda ta bi shawarar Injiniya. 'Yar'uwarta da ke kama raƙuma ta yar da manyan zobban da ke ɗauke da ƙwayoyin gadon furotin, ta rufe masana'antar. Tana rayuwa a jini lafiya lau, sukari take ci ba ta bukatar injunan. Amma ba za ta ƙara iya girma a cikin ƙudan tsando ba har abada, sai dai ƙudaje masu cizo su ɗauke ta a baki daga wannan dabba zuwa waccan.

Injiniya Tanko: Kuma da haka ta bazu har inda tsando bai taɓa zuwa ba, ko ba haka ba? To ai riba ta ci.

Likitan Shanu: Har Asiya da Kudancin Amurka. Amma ita a cikin jinin wani take kwance ana ciyar da ita. Kai wa zai ciyar da ƙwaƙwalwarka?

Ɗan Maraɗi: Ta zazzaɓin cizon sauro fa? Na taɓa jin ADN ɗin maitokondiriyarta ƙarami ne ƙwarai.

Hafsat_Lab: Haruffa wajen 6,000, furotin uku kacal: COX1, COX3 da saitokurom b. Kuma duba, su ne dai masu tsananin ƙin ruwan nan. Kusan duk inda aka rage kaya, su ke saura a akwatin Maman Ilham. Maganin atobakwon saitokurom b ɗin nan yake toshewa.

Maman Ilham: Ku dakata, Sadiq ya ce ta wajen uwa take bi. Wato duk kuzarin da yaran nan ke tsalle-tsalle da shi nawa ne, babansu ba shi da ko sisi?

Malam Bala: Zoben dai naki ne, Hajiya. Ƙwan mace na ɗauke da kwafinsa sama da 100,000, na maniyyi kuma ana rushe abin da ya shigo da shi. Akwai wani mutum a Denmak da aka ba da rahotonsa a 2002, an sami na mahaifinsa a tsokarsa, amma irin wannan ba a cika gani ba. Sai dai furotin dubun nan da ake shigowa da su, har da 80 na raibosom, rabi naki rabi na babansu.

Maman Ilham: Wannan rabin na biyun ban gani ba, wayata ta ɗauke.

Sadiq_MBBS: Gadon yana zuwa da nasa nauyin. Cutar MELAS harafi ɗaya ne a tRNA na lusin, gurbi na 3243. Da yake duk 13 ɗin na bukatar lusin, duka suke raunana. Kuma da yake kwafin zoben da yawa ne a kowane sel, wani ɗan ya gaji masu lahani kaɗan ya tashi da ciwon sukari da raunin ji kawai, ɗan'uwansa ciki ɗaya ya gaji da yawa ya yi ta farfaɗiya.

Zulai_Bayo: Na cika shafi shida. To in an tambaye mu dalilin da ya sa ta riƙe 13 ɗin, wanne zan rubuta, ƙin ruwa ko na John Allen?

Malam Bala: Rubuta duka biyun, ki kawo misalin wake. In an tambayi girman raibosom kuma, ki fara leƙa abin da malaminku ya rubuta a allo.

Hafsat_Lab: Ki rubuta 55S, in ya soke ki turo mini lambarsa.

Injiniya Tanko: Ni har yanzu ina ganin da za a iya rage su zuwa goma. Hafsat, ATP8 ɗin nan na inji na biyar ba ɗan ƙarami ba ne? Me zai hana shi wucewa ta ƙofa?

Hafsat_Lab: Amino asid 68 ne. An ma gwada sake rubuta shi a sa a nukiliyas a sel na faranti, kuma ya shiga. Bari in fito daga lab, sel ɗina na jiran abinci tun azahar.